Tsirran Ƙasar Sin da Maganin Kumburi: Abin da Gwaji Ya Tabbatar



Yau za mu leƙa ƙasar Sin, mu duba saiwoyi da ganyaye da sassaƙen da masu maganin gargajiyarta suka daɗe suna haɗawa. A wannan zamani ana tace su, a ɗura a kwalba ko a matse su su zama ƙwayoyi, a bazu da su kasuwannin duniya, har da namu. Yabo biyu ne ke yawan rakiyar waɗannan kwalabe. Na farko, a ce suna kwantar da kumburi. Na biyu, a ce suna ɗauke da antioksidan, wato sinadaran da ke kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa. Maganata a yau ɗaya ce: a cikin waɗannan tsirrai akwai masu ƙarfin gaske, kuma ƙarfin nasu ne ya wajabta a auna su kafin a sha.

Mu fara da shi kansa kumburin. Idan ƙaya ta soke ka, wurin zai yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya riƙa zogi. Jiki ne ya tashi tsaye. Jijiyoyin jini sun buɗe, fararen ƙwayoyin jini sun yi dandazo a wurin, suna kashe ƙwayoyin cuta suna share abin da ya lalace. Wannan kumburi rahama ne, in babu shi ƙaramin rauni ma sai ya kai mutum kushewa. Matsalar tana zuwa ne idan aikin ya ƙare amma jiki bai tsaya ba. Kamar wutar murhu ce: tana dafa tuwo, amma in aka bar ta ta kama danga sai ta ci gida. Irin wannan kumburi mai daɗewa shi ne ke cinye guringuntsi a amosanin gaɓɓai, shi ke raunata bangon babban hanji, shi ke ƙuntata hanyar numfashi ga mai asma, kuma yana da hannu a toshewar jijiyoyin zuciya.

Asibiti yana da magungunansa. Akwai su ibufurofen da daikulofenak, akwai kuma dangin sitiroyid irin su firedinisolon. Suna aiki ƙwarai, sai dai doguwar mu'amala da su tana da tsada a jiki: gyambon ciki, raunin ƙoda, hawan jini, hauhawar suga, laushin ƙashi. Shi ya sa masana ba su daina neman wasu hanyoyin ba, kuma shi ya sa idonsu ya koma kan tsoffin littattafan Sinawa.

Batun antioksidan kuwa, duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ya ga yadda farinsa ke rinewa. Iskar oksijin ce ta taɓa shi. A cikin jikinmu ma, yayin da muke ƙona abinci don samun ƙarfi, akan samu wasu ɓurɓushin sinadarai masu zafin nama da ke iya lalata kitse da furotin da ƙwayoyin gado. Hayaƙin taba da gurɓatacciyar iska suna ƙara yawansu. Jiki yana da nasa masu kwashe su, abinci kuma yana taimakawa. Kumburi da wannan ɓarna suna ciyar da juna, domin fararen ƙwayoyin jini da kansu suna fitar da waɗannan sinadarai a matsayin makami, su kuma sinadaran idan sun yi yawa sai su ƙara tayar da kumburin.

To, me Sinawa suka gada? Babban abin da suka gada shi ne rubutu. Tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce suna da littafin da ake jinginawa ga wani magabacinsu mai suna Shennong, mai bayanin magunguna 365. A shekarar 1578 wani likita mai suna Li Shizhen ya kammala babban kundinsa bayan aikin kusan shekara 27, inda ya tattara magunguna 1,892, kowanne da kamanninsa da inda yake fitowa da yadda ake sarrafa shi. Ba kasafai suke ba da tsiro ɗaya tilo ba. Haɗi suke yi, kuma sun tsara haɗin kamar fada: akwai sarki, wato tsiron da ke tunkarar cutar, akwai waziri mai ƙarfafa shi, akwai mataimaki mai rage kaifinsa, akwai ɗan aike mai daidaita tafiyar duka. Daga cikin rukunan magungunansu akwai wanda suke cewa yana kore zafi yana kashe dafi. Da masanan zamani suka shiga ɗakin gwaje-gwaje, sai suka tarar da yawa daga tsirran wannan rukuni suna taɓa hanyoyin da jiki ke bi wajen tayar da kumburi.

Ga misalai. Akwai wata saiwa mai ruwan ɗorawa da suke kira hwang cin, a cikinta aka samu sinadaran baikalin da baikalen. Akwai hwang liyan, saiwa mai tsananin ɗaci, mai ɗauke da barbarin, wanda har yau ake sayar da shi a kantunan magani na ƙasar Sin don gudawa. Akwai dan shan, jar saiwa da suke ba masu ciwon ƙirji. Idan aka zuba waɗannan sinadarai a kan ƙwayoyin halitta da aka rena a faranti, sukan rage saƙonnin da ke kiran kumburi, sukan kuma zaburar da jiki ya ƙara samar da nasa masu kariya. Idan aka ba ɓeran da aka kumbura wa ƙafa da gangan, kumburin yakan ragu. Akwai ma wani tsohon haɗi na kimanin shekara 1,800 da ake yi wa gudawa da murɗar ciki, mai tsirrai huɗu, hwang cin ne sarkinsa, a ciki har da 'ya'yan wata itaciya 'yar uwar magarya. Masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun ba da rahoto a 2010 cewa ya rage kumburin hanjin ɓerayen da aka ba wani maganin kansa mai ƙarfi.

Duk wannan gaskiya ne. Amma masu sauraro, tsakanin faranti da jikin ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tafiya ce yawancin alkawura ke zubewa. Abin da ka haɗiya sai ya ratsa ruwan ciki, ya tsallake bangon hanji, ya wuce hanta mai tace komai, kafin ya kai ga gwiwar da ke ciwo. Barbarin ɗin da na ambata, abin da ke isa jini daga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Haka kurkumin, sinadarin da ke cikin kurkur, da ƙyar hanji ke tsotse shi, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta yi maza ta sauya shi. Yawan da ake zubawa a faranti sau da yawa jini ba zai taɓa ganin irinsa ba.

Kalmar antioksidan ta fi kowacce saurin ruɗar mai saye. Gwajin da aka fi yi mai sauƙi ne: akwai wani ruwa mai launin shunayya, sai a ɗiga tataccen ruwan tsiro a ciki, in launin ya kwashe ya koma ruwan ɗorawa sai a rubuta cewa tsiron yana da ƙarfin antioksidan. Da wuya a samu ganyen da zai faɗi wannan jarrabawa. Zogale zai ci, zoɓo zai ci, ganyen shayi zai ci. Ma'aikatar noma ta Amurka ta daɗe tana wallafa jerin abinci da makin kowanne a irin wannan awo, amma a 2012 ta janye jerin, domin makin ba ya nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, ga kuma 'yan kasuwa sun mai da shi abin talla. Kafin nan an ga darasi mai ɗaci a ƙasar Finlan. An ɗauki maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar betakarotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, da fatan zai kare su daga kansar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga kansar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha. Abin da ke da amfani a cikin abinci, da aka ware shi aka ninka shi, sai ya zama illa.

Yanzu ku biyo ni zuwa inda aka gwada tsirran a kan marasa lafiya, domin nan ne maganar ta yi nauyi.

A kudancin ƙasar Sin akwai wani tsiro mai yaɗo da ake kira lei gung tang. Manoma sun daɗe da saninsa a matsayin dafin kashe ƙwari. Ganyensa da furensa da ɓawon saiwarsa guba ne, cikin saiwar kawai ake tacewa bayan an fere ta. A 2014 likitocin wani babban asibitin koyarwa a birnin Bejin suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 207 masu amosanin gaɓɓai, na tsawon mako 24. Suka kasa su gida uku. Kashi na farko aka ba su metotireksat, maganin asibiti da aka saba bayarwa. Na biyu aka ba su tataccen lei gung tang. Na uku aka haɗa musu duka biyun. Abin da aka auna shi ne mutum nawa ne ciwonsu ya ragu da rabi. A kashin farko an samu kimanin 46 cikin 100, a na biyu kimanin 55, a na uku kimanin 77. Wannan sakamako ne da ba a wasa da shi. Gwajin yana da rauninsa, domin marasa lafiyan sun san abin da suke sha, amma ya nuna cewa saiwar tana danne garkuwar jiki da gaske.

To, wannan dannewa ita ce kuma haɗarinta. Saiwar tana rikita jinin al'ada ga mata, har ta ɗauke shi. Tana rage ƙwayoyin haihuwa ga maza. Tana iya taɓa hanta da ƙoda, ta rage fararen ƙwayoyin jini. A can ƙasar Sin likita ne ke rubuta ta, yana bin jinin mara lafiya da awo. Matashiyar da ke fatan haihuwa, in ta saya a intanet don ciwon gwiwa, ta jefa kanta cikin abin da ba ta sani ba.

Misali na biyu zai ba mutanen Kano mamaki. Sinawa suna da wani shuɗin gari da suke kira cing dai, wanda ake samu ta hanyar jiƙa ganyen wasu tsirrai a zuba farar ƙasa, a kwashi abin da ya taso a shanya. Launin da ke cikinsa shi ne launin da ke cikin shunin da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata, ko da yake tsirran da suke amfani da su a can sun bambanta da tsiron baba namu. A Taiwan an haɗa shi da man shafawa aka gwada a kan masu ciwon fatar nan mai kauri da ɓamɓaroki da likitoci ke kira soriyasis, aka ga sauƙi a fili. A Japan kuma, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Keio sun gwada shi a kan mutum 86 masu gyambon babban hanji, cutar da ke sa gudawa da jini. Bayan mako 8, daga kashi 70 zuwa 81 cikin 100 na waɗanda suka sha garin sun samu sauƙi, alhali a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kashi 14 ne kawai. Amma ba a ƙarasa gwajin yadda aka tsara ba. An dakatar da shi ne bayan an samu labarin wani mutum a wajen gwajin, wanda ya sayi garin da kansa ya yi wata shida yana sha, ya kamu da hawan jinin jijiyoyin huhu, cuta mai iya gajiyar da zuciya har ta tsaya. An wallafa sakamakon a 2018, masu binciken kuma suka yi gargaɗin kada a ɗauke shi a matsayin maganin da kowa zai sha.

Masu sauraro, kun ga yadda abin yake. Tsirrai biyun da suka fi nuna ƙarfi a kan kumburi su ne kuma suka fi buƙatar idon likita.

Ko waɗanda ake ganin masu sanyi ne suna da nasu sharaɗin. Gan tsaw, saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, tana shiga haɗe-haɗen Sinawa masu ɗimbin yawa. Yawan shanta yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotashiyam, jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. Dan shan kuwa, idan ta haɗu da wafarin, maganin tsinka jini, tana iya jawo zubar jini.

Sannan akwai haɗarin da ba daga tsiron da aka rubuta a kwali yake zuwa ba. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata wani haɗi mai ɗauke da saiwar Sin. Sai aka yi musanya, aka kawo wata saiwa mai suna kusan iri ɗaya daga dangin Aristolokiya. Mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe. Daga baya, cikin 39 da aka yi wa tiyata, an samu 18 da kansar hanyar fitsari. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya sinadarin wannan dangi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Masu maganinmu na gida su saurara da kyau, domin duman dutse da ake haƙowa a dazuzzukanmu ɗan wannan dangi ne.

A Taiwan kuma, wani bincike da aka wallafa a 1997 ya duba samfurin magungunan gargajiya 2,609, aka tarar kusan kashi 24 cikin 100 an cakuɗa su da magungunan asibiti a ɓoye, har da masu kashe zogi da sitiroyid. Mai ciwon gaɓɓai zai sha ya miƙe cikin kwana biyu, ya yi ta sa wa ganye albarka, bai san firedinisolon yake sha ba awo ba. Bayan watanni sai fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi laushi.

Abin yabo shi ne Sinawa da kansu suna tankaɗe aikinsu. Wasu masana daga birnin Cengdu sun bi marubuta fiye da dubu biyu da suka ce sun yi gwaji ta hanyar raba marasa lafiya da ƙuri'a, suka tambaye su yadda suka yi. A 2009 suka bayyana cewa waɗanda suka bi ƙa'idar da gaske ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ƙasar da ke son maganinta ya samu karɓuwa ita ce ke fara fallasa raunin bincikenta.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa idan aka bi ta da haƙuri, ya dubi wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou. A 1969 aka ɗora mata aikin nemo maganin zazzaɓin cizon sauro. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗe fiye da 2,000 daga tsoffin littattafai da bakin masu magani. Tsiron cing haw, ɗan uwan tazargade, yana aiki yau gobe ya ƙi. Sai ta koma wani littafin likita Ge Hong na ƙarni na 4, ta lura cewa shi jiƙa ganyen yake cewa a yi a matse, babu tafasawa. Ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya kashe ƙwayar cutar a jikin dabbobin gwaji. Ta sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. Daga nan aka samu atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin da ake ba 'ya'yanmu a asibitoci a yau, ita kuma ta samu kyautar Nobel a 2015. Tsohon littafi ne ya nuna hanya, awo da gwaji suka kai ga magani. Don haka ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa dafa ganyen a sha a madadin ƙwayar ba, saboda ba a san yawan abin da ke cikin kofi ba, kuma shan abin da bai isa ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Mu dawo gida. Citta da kurkur da kirfa da kanumfari duk suna cikin kundin magungunan Sinawa, kuma suna cikin yajinmu da shayinmu. A ci su a abinci, a ci ganye da 'ya'yan itace, wannan alheri ne. Amma tataccen sinadari a ƙwaya wani abu ne daban. Koren shayi da ake sha a kofi lafiya lau ne ga yawancin mutane, amma hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa shan miligiram 800 ko fiye na babban sinadarinsa a rana, a cikin ƙwaya, yana iya taɓa hanta.

Saboda haka ga kirana. Kai mai saye, idan aka miƙo maka kwalba aka ce daga Sin take, tambayi sunan tsiron da ke ciki, da yawansa, da ko an gwada shi a kan mutane masu irin ciwonka. A Najeriya, lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe a jikin maganin gargajiya tana nufin an duba ba a ga guba ba, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkarwa. Maganin da aka ce yana maganin komai, a bar shi a inda aka gan shi. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da jariri, da mai ciwon ƙoda ko hanta ko hawan jini, kada su sha sai da izinin likita. Wanda yake kan maganin asibiti kada ya ajiye shi don kwalba, kuma ya faɗa wa likitansa duk abin da yake sha. Ku kuma likitoci, ku riƙa tambaya cikin mutunci, domin wanda aka kunyata ba zai sake faɗin gaskiya ba.

Ga jami'o'inmu da cibiyoyin bincike irin su NIPRD da ke Abuja, aikin ɗiga ruwan ganye a kwalbar gwaji ya isa a matsayin matakin farko. A matsa gaba: a tantance tsiro, a auna sinadari, a duba gubarsa, a gwada a kan mutane bisa ƙa'ida. Gwamnati ta sa kuɗi a wannan aiki, a kuma zauna da dattawanmu masu magani a rubuta abin da suka sani tun suna raye, da sunansu da haƙƙinsu.

Jama'a, hantarku da ƙodarku amana ce a hannunku. Ku yi tambaya kafin ku haɗiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya.